Ranar da Auta Ya Tashi Daga Kujera

Sanatan da 'yan gidansu ke kira Auta ya kashe mutane, kuma bai ɗauki makami ba. Tashi kawai ya yi daga kujerarsa a lokacin da ya kamata ya zauna.

Babbar yayarsa mai sayar da kifi ce, ita ta goya shi, ita ta riƙe hannunsa zuwa makaranta. Gidansu na gangaren madatsar ruwa, can take zaune da Inna, mahaifiyarsu, wadda ƙafa ta daina ɗauka. Bangon madatsar ya tsage. Masunta suka ce tsagar da a da yatsa ke shiga, yanzu hannu ke shiga har kafaɗa. An kai kuka ofis-ofis, kowa ya ce sai majalisa ta tilasta wa ma'aikatar ruwa ta rage ruwan, a gyara bangon kafin damina. Auta ya yi alkawarin kawo ƙudiri a majalisar dattawa. Har ya ce Yaya ta zo ta gani da idonta, ranar zaman ƙarshe kafin dogon hutu.

Ta zo. A bakin ƙofa aka karɓe jakarta da wayarta. Mai gadi ya gargaɗe ta cewa a benen baƙi ba a magana, ba a yin tafi, ba a nuna kowa da yatsa. Ta hau, ta zauna a kujera mai laushin da ba ta saba ba, sanyin na'ura na shiga ƙashinta. A gefenta akwai wani tsohon ɗan jarida yana taunar murfin biro.

Rabin kujerun ƙasa babu kowa. Sai da rana ta yi nisa aka shigo da sandar majalisa, Shugaban majalisar na biye da ita. Aka yi addu'a. Aka amince da bayanin zaman jiya wanda ba wanda ya karanta. Aka taya wani sanata murnar ƙarin shekara, mutum bayan mutum na tashi yana yabon halinsa. Daga nan aka shiga gardama kan sunan da za a sauya wa wani filin jirgin sama, har wani dattijo ya cire tabarau yana dukan tebur. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce eh, masu adawa su ce a'a. A kunnen Yaya a'a ta fi ƙarfi, amma guduma ta sauka a kan eh.

Duk wannan bai dame ta ba. Idonta na kan Auta, a layi na tsakiya, takardarsa a gabansa. Ya ɗago sau ɗaya ya gyaɗa mata kai, ta ji zuciyarta ta kwanta.

Sai jagoran masu rinjaye ya taso, ƙaton mutum mai tafiyar isa. Ya dafa kafaɗar Auta, ya sunkuya yana yi masa raɗa, suna murmushi.

Ɗan jaridar ya cire biro daga baki. "Mama, ɗanki ne?"

"Ƙanena ne."

"To ki sa ido. Yanzun nan fitsari zai kama shi."

Ta harare shi. Ya yi mata bayani ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba. Waɗanda suka gina bangon nan mutanen ministan ruwa ne, in aka tattauna ƙudirin sai an tono su. A nan kuwa ba wanda ke janye ƙudirinsa da baki, domin masu rubutu za su rubuta, mutanen mazaɓa su ji. Dokar zauren ta ce in aka kira mai ƙudiri ba ya kan kujerarsa, ƙudirin ya faɗi, sai bayan hutu. Shi ya sa banɗakin majalisa ya fi kowane ofis aiki.

Yaya ta ce ƙanenta ba haka yake ba. Tsohon ya ce Allah ya sa.

Ana kammala maganar da ke gaban tasa, Auta ya miƙe. Ya gyara riga, ya rusuna wa Shugaba kamar yadda aka saba, ya bi ƙofar gefe. Bai kalli sama ba.

Akawu ya karanta ƙudirin madatsar ruwa. Shugaba ya kira sanatan yankin. Shiru. Ya sake kira, yana leƙen kujerar ta saman tabarau kamar bai ga fitarsa ba. Wani daga baya ya ce ai ya tafi rage nasa ruwan tukuna, zauren ya ɗauki dariya.

Yaya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Yana nan! Don Allah ku jira shi!"

Guduma ta sauka. Shugaba ya ce baƙo ba shi da murya a wannan zaure, a fitar da ita, a ci gaba. Masu gadi suka riƙe hannuwanta suka sauko da ita.

A baranda ta haɗu da shi, yana share hannu da hankici. Ya sallami masu gadin, ya ja ta gefe. Ya ce ba ta san yadda ake tafiyar da al'amura a nan ba. An yi masa alkawarin shugabancin kwamitin ruwa, in ya hau, gyaran bango abu ne na waya ɗaya bayan hutu. Kafin nan ta kawo Inna gidansa.

"Maƙwabta fa?" in ji ta. "Falonka zai ɗauke su?"

"Yaya, ki rage murya. Nan ba kasuwa ba ce."

"Na gani. A kasuwa wanda zai cuce ka aƙalla yana kallon idonka."

Aka buga ƙararrawa, ya duba agogo, ya ce ana jiransa a ciki.

Da ta koma gida ta faɗa wa mutane gaskiya. Masu dangi a tudu suka kwashe kaya. Mafi yawa ba su da wurin zuwa, suka zauna suna kallon sama. Yaya ta yi ta roƙon Inna ta yarda a ɗauke ta. Tsohuwar ta ƙi. Ta ce Auta ya kira ta, ya ce za a gyara, kuma ɗanta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta ce Yaya tun yana yaro take ɗora masa laifi. Yaya ta yi kuka, ta yi faɗa, har ta kawo mota ƙofar gida, Inna ta riƙe ƙarfen gado.

Damina ta sauka da ƙarfi. Wata safiya, Yaya na kasuwar tudu tana jera kifi, ta ji ƙara kamar aradu alhali sama tarwai take. Kafin ta isa gangaren, babu gangaren.

Da majalisa ta dawo daga hutu, Auta ne ya tashi ya nemi a yi shiru don girmama mamatan, domin a zauren sanatan yanki ke yin haka. Ranar yana kan kujerarsa. Sanatoci suka miƙe, wasu na leƙen waya a ƙarƙashin tebur, suka zauna. Aka karanta sababbin shugabannin kwamiti, aka ba shi na ruwa. Ba a tuhumi minista ba, ba a tuhumi jagora ba, zauren bai taɓa tambayar Auta inda ya je ba.

Ba a ga gawar Inna ba. Da ya zo ta'aziyya da jerin motoci, Yaya ta tsaya a ƙofar makarantar da aka tsugunar da su, ta ce ba zai shiga ba, kuma ba wanda ya ba shi hannu. Har yau ba shi da kabarin uwa da zai ziyarta, kuma duk danginsa ba mai buɗe masa ƙofa.