Kaftanin Baba Kefas

"Ɗaga hannun sosai mana, Baba Kefas, ko so kake a ce Kailani ya ɓata shadda?"

Tsohon ya ɗaga yana dariya. Malam Kailani tela ya zagaya masa tef a ƙirji, ya duba, ya sake zagayawa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana yi wa mutumin nan ɗinki, tun da ya kama shago a jikin gidan tsohon a Tudun Wada, har awonsa ya zauna masa a ka. Yau ga ƙirji ya ragu da inci biyar, kafaɗa ta zube. Ya rubuta sabon awon a 'yar takarda ya soke ta a jikin farar shaddar.

Baba Kefas tsohon ma'aikacin jinya ne. Kafin ya yi ritaya, da ma bayan ya yi, babu gidan da bai shiga ba a layin nan, ko don allura ko don awon jini, Musulmi da Kirista duk nasa ne. Tun daminar bara ciwon hanta ya kama shi. Likitoci sun ce ƙila a yi aiki, ƙila kuma jikin ba zai ɗauka ba, sai an sake gwaji bayan Ista. Shi da ya yi shekara talatin a gefen gadon marasa lafiya ya san abin da irin wannan magana take nufi, amma in ka gan shi zaune a bencin shago yana tsokanar masu wucewa, sai ka rantse wani ne ba shi da lafiya.

Wannan ne abin da yake ɗaure wa Kailani kai, don shi mutum ne da ko hadari ya gani a gabas sai ya fara tunanin rufin ɗakinsa. Rannan dai ya kasa daurewa, ya tambaye shi ko abin ba ya ba shi tsoro: ga matarsa Mama Keziya ta tsufa, ga Angela autarsu ta gama karatun jami'a ba aiki.

"Yana ba ni, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji tsohon. "Da safe ya fi zuwa. Sai in zauna in lissafa wa Yesu su ɗaya bayan ɗaya, Keziya, Angela, hantar nan, in ce ga su nan, sun fi ƙarfina. Bai taɓa gaya mini yadda za ta ƙare ba. Amma shekara saba'in bai bar ni ni kaɗai ba, ba na jin yanzu zai fara. Daga nan sai in sha kunu."

Kailani ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da lafiya. Ya tambaya ko kaftanin na Ista ne. Baba Kefas ya ce in Ubangiji ya kai su, amma dai in ya samu dama ya yi masa da wuri, aikin wuya kaɗan, kar a cika ado.

To, a nan Kailani ya yi lissafinsa irin na teloli. Azumi ya kai goma, ɗinkin Salla ya taru har yana taɓa silin, Ista kuwa sai mako uku bayan Salla. Kuma kowane tela ya san wanda ake fara sallama: mai zuwa ya tsaya a ka yana faɗa. Mai haƙuri, na gida, shi ake turawa ƙasan tuli. Farar shaddar ta koma can ƙasa.

Sau biyu Baba Kefas ya fito ya zauna a benci cikin makon nan. Idonsa yakan kai kan tulin kayan ya dawo, bai tambaya ba, sai Kailani ne da kansa yake cewa jibi in Allah ya so. Daga nan ya daina fitowa. Ran ashirin ga azumi, bayan la'asar, Ishatu matar Kailani ta ce masa wai shi wane irin maƙwabci ne, mutum kwana huɗu a kwance bai leƙa ba. Ya ajiye almakashi ya shiga.

Ya same shi a ɗaki an jingina shi da matasai, Littafi Mai Tsarki a kife a cinyarsa, idanun sun yi rawaya. Suka gaisa. Kunya ta kama Kailani, sai kawai ya ji bakinsa ya ce ai har an yanka kaftanin, haɗawa ya rage. Ko alli bai taɓa shaddar ba. Baba Kefas ya dube shi irin kallon da yake yi wa yaron da ya ce ya shanye magani, ya yi murmushi.

"Madalla, Malam Kailani. Ka sallami masu Salla tukuna, kar su cinye ka."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Ran Alhamis da hantsi, saura kwana uku Salla, kuka ya tashi a gidan. Kailani ya rufe shago ya je ya zauna a bencin waje tare da mazan unguwa, ya yi wa Mama Keziya gaisuwa daga bakin ƙofa, ta amsa. Ya ji mutuwar har cikin ƙashinsa. Game da shaddar kuwa, abin da ya raya a ransa shi ne bayan Salla zai mayar musu da abinsu. A saninsa mamaci ya gama da tela, likkafani ne nasa. Ya sha zuwa gaisuwar mutuwa gidajen Kirista, amma iyakarsa bencin waje, bai taɓa leƙa cikin akwati ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ran Asabar, jajiberin Salla, aka ɗauko gawar daga mutuware aka kawo gida kafin a wuce coci. Angela ta zo shago da kanta, ta ce Mama ta ce maƙwabta na kusa su shigo su yi bankwana. Kailani ya ɗan yi jim, sannan ya bi ta.

An kwashe kujerun falo, akwatin na tsakiya a buɗe. Matan Zumunta na cocinsu sun jeru jikin bango cikin atamfa iri ɗaya suna waƙa a hankali. Ya matsa ya duba. Baba Kefas na kwance a shirye tsaf kamar mai zuwa ɗaurin aure, da hula, da kaftani ruwan ƙasa. Kailani ya gane ɗinkinsa nan take, shi ya yi shi shekara shida da suka wuce, lokacin mutumin na da jiki. Yanzu wuyan ya zame gefe, kafaɗar ta sauko har damtse, hannun rigar ya haɗiye yatsun gaba ɗaya. Mutumin da ko kasuwa za shi sai ya sa an yi masa guga, ga shi za a kai shi gaban jama'a cikin riga kamar ta aro.

Mama Keziya ta taso ta tsaya kusa da shi. Murya can ƙasa ya tambaye ta ko farar shaddar ta wannan ranar ce.

"Ta wannan ce," ta ce. "Ranar da likita ya yi masa bayani ya biya kasuwa ya sayo ta."

"Mama, me ya sa ba ku gaya mini ba? Ko ran Alhamis ne, wallahi da na ajiye komai."

"Shi ya hana. Na ce bari in je in tsaya maka a ka, ya ce in ƙyale ka, kana da jama'a a wuya. Ya ce in an gama, to. In ba a gama ba, wanda zai karɓe shi ya san shi ko a wace riga ya zo." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya san ba ka yanka ba, Malam Kailani. Dariya ya yi ta yi bayan ka fita."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Aikin yini ɗaya ne. Kwana ashirin shaddar na shagonsa, ya ɗinka wa mutanen da ko sunansu bai riƙe ba, ya bar wanda ya yi jinyar mahaifiyarsa har ta cika. Ya rasa inda zai sa idonsa.

A waje direban motar ɗaukar gawa ya tayar da inji, wani dattijon coci ya leƙo ya ce Rabaran na jira, a rufe. Kailani ya ce don Allah a ba shi minti goma. Dattijon ya dubi Mama Keziya, ta gyaɗa kai.

Ya cire hularsa, ya zaro allurar da ke soke a cikinta da sauran farin zare, ya durƙusa a gefen akwatin. Ya tattaro rarar wuyan ya tura ta baya ya kama ta da ɗinki. Ya ɗago kafaɗar ya mayar da ita inda kafaɗa take. Sannan ya naɗe hannun rigar ciki, ya bi shi da ƙananan ɗinki, na dama, na hagu, yana yi yana goge ido da kafaɗarsa don kar ya ɗiga a kan rigar. Matan ba su daina waƙa ba, sai dai sun ƙara sassauta murya.

Da ya gama ya tsinke zaren, ya shafe ƙirjin rigar da tafin hannu har yadin ya kwanta. Yatsun Baba Kefas sun fito fili, ɗaya a kan ɗaya. Mama Keziya ta sunkuya ta gyara masa zoben aurensu da ya juya, sannan ta ce a kawo murfin.