Baƙin Mai a Keken Malam

Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke rubuce jikin gwangwanin da Nafi'u ya fesa ma keken Malam ba. Abin da na sani, keke ya fita gida lafiya lau, ya dawo yana ƙara kamar ana niƙan tsakuwa.

Nafi'u mai gyaran babur ne, nan Ƙaura, kusa da tasha. Malam kuwa maigidana ne, Allah shi jiƙan shi. Da keken nan ya ci kasuwar Shinkafi, da shi ya ci ta Zurmi, tun muna Kurya Madaro, zamanin da mutum ke kama hanya shi kaɗai ba ya tsoron komi sai hadari. Daddawata yake ɗaurawa a baya, ya dawo min da gishiri da goro, wani lokaci har da turmin atamfa.

Malam bai taɓa zuba ma sarƙar keken nan mai ba, sai sau guda da ya gwada man gyaɗa, tururuwa sunka yi biki a zaure. Shi dafa ta yake yi. In damina ta ɗauke sai ya kwance ta, ya jiƙa cikin kananzir, ya wanke, ya shanya bisa danga. Sannan ya zo ya tsuguna gaban murhuna, ya narka kyandir da ɗan man kaɗe cikin tsohuwar tasa, ya tsoma ta. In yi ta faɗa tuwona zai yi wari, shi ko ya ce, “Ke dafa naki, in dafa nawa.” In ta huce ka taɓa, hannunka fes. Rairayin hanyar Zurmi bai samun wurin kamawa.

Ranar da ɓarayin daji sunka kore mu, bisa keken nan anka ɗora ni da buhun gero, Malam yana turawa har Ƙaura. Shanu sun tafi, rumbu ya ci wuta. Da ya rasu, ni na ci gaba da dafa sarƙar. Ina zaune gidan autata Azumi, mijinta ke hawa zuwa aiki.

To taya ta yi faci, ya kai ma Nafi'u. Nafi'u ya liƙe, ya shafa sarƙa ya ji ta bushe, wai tausayi ya kama shi. Ya fesa mata mai yauƙin nan na babur, ya ƙara da baƙin mai na inji. Kafin sati ta kwashi ƙasar Ƙaura duk, tana zamewa, ta ɓata ma mijin Azumi farin wando. Ni da shi ba mu haɗa ido, surukuta, sai Azumi ta kawo min saƙo: zaure ya yi ƙunci, keke ya mutu, zai kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi. Gidan shi ne. In keke bai tashi ba, ba ni da bakin hanawa.

Na yafa mayafi, na tura abina har gaban Dogo, shugaban masu gyaran babur. Na ishe su cike ƙarƙashin rumfa.

“Inna, lafiya?” in ji Dogo.

“Da lafiya ka gan ni da keke tsakar rana? Ina Nafi'u?”

Ya fito yana goge hannu da tsumma. “Ga ni, Inna. Ai alheri na yi. Cen ɗin, sarƙar nan, ya bushe ƙamas, ko ɗigon mai babu.”

“Wa ya aike ka? Faci anka kawo ma. In an kai ka aski sai ka cire ma mutum haƙori?”

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani ya ce, “Nafi'u, yau ka taɓo tsohuwa.”

“Man nan fa na babur ne,” in ji Nafi'u. “Abin da ya riƙe babur, keke ne zai gagare shi?”

“Babur inji ke jan shi. Wanga ƙafar mutum ce. Ka taɓa tuƙa kaya cikin rairayi, ko ko kun saba da murɗa hannu?”

Dogo ya duƙa ya juya feda. Ya murza baƙin abin tsakanin yatsu, ya ji ƙasa, ya yamutsa fuska. Ya ce in yi haƙuri, za a sa Nafi'u ya sawo sabuwar sarƙa.

Na ce, “Sabuwa ba ta san hanyar Shinkafi ba. Tawa nike so, yadda take.”

Da na faɗa masu yadda ake yi, sunka sake fashewa. “Dafawa, Inna? Da gishiri ko da yaji?” Dogo bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ya ga baban shi yana yi da kitsen shanu, ya manta ne kawai. Ya ce Nafi'u ya rufe rumfar shi ya bi ni.

Haka ƙaton nan ya tsuguna tsakar gida, Azumi na leƙe daga ɗaki. Ya kwance sarƙar ya wanke da kananzir, na ce bai fita ba. Ya sake, na ce ya sake. Sai da kananzir ya fito fari na miƙa mashi tasar Malam. Da warin kyandir da kaɗe ya tashi, na juya baya na ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

Da la'asar ya maida sarƙa, ya hau ya zaga unguwa. Ƙasa ta riga ta ci haƙoran baya kaɗan, in an taka da ƙarfi sarƙar takan yi tsalle, amma tana tafiya, kuma shiru. Mijin Azumi ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da safe na ji ya fitar da keken ya hau.

Mai gwangwan ya zo da hantsi da sikelin shi, yana sallama a ƙofa. Na ce ma Azumi ta ba shi ruwa ya sha, ya yi gaba.