Ɓangarensa na Gado

Ƙarfe tara na safe ne, hadari ya haɗu tun asuba ya ƙi zubowa, sai zafi mai danƙo. Kafinta yana tsugune a ƙofar shagonsa yana goge ƙafar kujera, wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga Auta, ƙanwar matarsa, wadda ke jinyarta a asibiti.

Jiya matar ta sauka, an samu mace, kyakkyawa tubarkalla. Sai dai a gefen hannunta na hagu akwai wani ɗan yatsa na shida, mai laushi kamar tsiron wake, kuma likita ta ƙi sallamarsu.

Karatu ba ya yi wa Kafinta sauri. Ya bi saƙon da ɗan yatsa, baƙi bayan baƙi: "Yaya, likita ta ce yawanci daga gado ne. Ɓangaren Anti mun duba, ba komai. Ka bincika ɓangarenka. In an samu, yau za a sallame mu. In babu, sai an yi wa jaririya hoton zuciya da ƙoda."

Ya kira, layin bai shiga ba. Ya rufe shago ya nufi gida, yana ta lissafin yaushe Auta ta duba musu gado. Wataƙila jiya, da ta zo ɗaukar zannuwa.

Shi da hannunsa ya ƙera gadon, katakon maɗaci. Ya jingine katifa da bango, ya leƙa ƙasa. Bara ɓangarensa ya fara lotsawa, ya ƙara masa ƙafa ta biyar a tsakiya. Ga ta nan tsaye, guntuwa, ba ta yi kama da sauran ba. Yadda ƙafar katako za ta shiga cikin mace ta fito yatsa, wannan ya fi ƙarfin kansa, amma ai likita ta fi shi sani. Ya ɗauko guduma da sukundireba.

Ya kwance rabin gadon ke nan sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinsa marigayi, ta zo share wa mai jego ɗaki.

"Kai kuma lafiya? Yarinya na hanya kana rushe mata makwanci?"

Ya miƙa mata wayar. Ta ce ba ta zo da tabarau ba, ya karanta mata. Ya karanta. Ta ce ya sake.

"Gadon kwanciya aka rubuta, ko na kakanni?"

Ya ƙura wa wayar ido. "Goggo, ai duk rubutunsu ɗaya."

Ta yi dariya har da tari, ta zauna a kan akwati. "Miƙo hannunka. Na hagu, sarkin hankali."

Ta juya shi, ta danna wani ɗan tudu a gindin ƙaramin yatsansa.

Ya ce, "Wannan ai kanta ce, ta riƙon zarto."

"Da hagu kake riƙe zarto? Kana kwana uku aka cire maka shi a asibiti, ni na riƙe ka kana tsala ihu. Kakanka da ake ce wa Cindo, ka zaci don kwalliya ne?"

Kafinta ya daɗe yana kallon tudun. Shekara talatin suna tare, bai taɓa tambayarsa daga ina yake ba.

"To Baba fa? Nasa biyar-biyar ne."

"Biyar. Ni ma biyar. Yayanka biyar."

"To ta ina abin ya biyo ya same ni?"

"Ta jikin ubanka ya bi, bai dai tsaya an gaisa ba."

"Kuma ɗana na fari ba shi da shi. Uwa ɗaya uba ɗaya da wannan."

"Kai da ke tsaga icce ɗaya ka fitar da katako biyu, zanensu yakan zo ɗaya?"

Ya gyaɗa kai, ba don ya gane ba. Icce dai bai taɓa ɓoye reshe ya miƙa wa jikansa ba.

Wayar ta yi ƙara. Auta ce, ta haɗa shi da likita. Ya gaishe ta har sau biyu, sannan ya ce shi ma da shi aka haife shi, kakansa ma haka, amma mahaifinsa bai samu ba, ko hakan ya ɓata lissafin? Ta ce a'a, yakan yi tsallake. Ta tambaya ko a cikinsu akwai mai ciwon zuciya tun yarinta. Ya dubi Goggo, ta girgiza kai. Likita ta ce za ta sake duba jaririyar, in komai daidai, da azahar su taho gida.

Ya ajiye wayar, ya dubi katakan da ke warwatse a tsakar ɗaki, da kusoshin da suka gangara ƙarƙashin durowa.

"Ƙafar nan ta biyar, Goggo... a mayar da ita?"

Goggo ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa da ƙyar, ta tallafe masa ƙarshen dogon katakon ya zo daidai da raminsa. Shi kuma ya laluba ƙasa yana neman guduma.