Ranar Gwanjon Liseli

Manomi Gfeller ya ɗaga leɓen yarinyar da babban yatsa yana duba haƙoranta, kamar yadda nake yi wa saniya a kasuwar Langnau. Liseli, 'yar marigayi ƙanena, tana tsaye kan benci, idonta a kan uwarta Vreni da ke bakin ƙofa.

Haka ake yi duk bazara. A tara 'ya'yan matalauta, manomin da ya nemi mafi ƙarancin kuɗin ciyarwa daga asusun gari shi ke tafiya da yaro. Kowa ya san mai neman kaɗan a jikin yaron zai fanshe. Wanda Gfeller ya ɗauka bara, a garken awaki ya riƙa kwana har sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa.

"Ba tsoka, sai idanu," in ji Gfeller. "Amma zan yi wa gari rangwame. Rabin abin da kowa ya nema."

"Gidanka ko ɓera ramewa yake!" wani ya faɗa daga baya. Aka kwashe da dariya.

Mai shugabantar zaman Alƙali Melchior Aebersold ne, wakilinmu a majalisar dokoki da ke birnin Bern. Tare muka yi kiwo da shi muna yara. Shi ya bi littafi, ni na bi shanu. Zaɓe ya ƙarato, kuma manoma ke da ƙuri'a, zawarawa ba su da ita.

"Akwai mai neman ƙasa da haka?"

"Ni," in ji Vreni. "Ban nemi komai ba."

"Mace ba ta tayi sai da waliyyi!" Gfeller ya daka mata tsawa.

Melchior ya bi zauren da kallo. Na san kallon nan, kawunan masu ƙuri'a yake ƙirgawa. Na ce a raina, shi ke nan, yarinya ta tafi.

"Wane ne waliyyinta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," na ce.

"Ka amince, Jost?"

"Har da madarar saniyata jar nan."

"To. Doka ta ce mafi ƙaranci, ba ta ce ban da uwa ba. Gfeller, za ka iya sauka ƙasa da babu?"

"Mu haɗu ranar zaɓe!"

"Allah ya kai mu. Sauko, 'yata."

Vreni ta durƙushe ta rungume ta. Sai lokacin na ga na karya bakin lofen da nake shan taba da haƙori.

* * *

Melchior ya faɗi zaɓe. Da na je jaje, na tarar da shi yana tsaga itace.

"Na huta da hanyar Bern, Jost," ya ce, har da dariya.

Liseli ta girma a ɗakin uwarta, da dankali da madarar jar saniya. Yanzu 'ya'yanta ke ja mini gemu, ina gode wa Allah.

Sai dai a ranar, da muke fita, na waiwaya. An ɗora yaro na gaba kan benci, shi ba kowa nasa a bakin ƙofa. Tun kafin Gfeller ya miƙa hannu, yaron ya buɗe bakinsa da kansa.