Buhun Malam Tukur

Duk wanda ya san Malam Tukur a Haɗejiya ya san shi da abu biyu, dokinsa da kuma bakinsa a kan Ari. Dokin akawal ne, baƙi wuluk, yana samun kulawar da wasu 'ya'yan unguwar ba sa samu: harawa a kan kari, dusa da kanwa, wanka a kogi duk Alhamis. Ari kuwa Babarbare ne mai noman shinkafa a fadama, kuma shekara arba'in ke nan shi da Tukur ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Tukur Bafillace ne, ko da yake rabon gidansu da bin shanu tun zamanin kakansa, to kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Da sun haɗu a ƙofar masallaci, tun kafin su cire takalmi an fara.

"Bawana, wa ya kwance ka da sassafen nan?" in ji Ari.

"Ji min Babarbare. Fuska duk zane kamar gonar da aka yi wa huɗa, wai shi ne zai mallaki Bafillace."

"Rantse ka ci wani abu jiya ban da nono."

Haka suke. Tare suka binne iyayensu, kuma Ari ne ya riƙe rago ranar sunan Safiyanu, ɗan Tukur na fari. Da likita ya ce Ari na da ciwon suga, Tukur ne ya fara zuwa dubiya, ya ce ai dole, mutumin da ke zuba shayi a cikinsa kamar ana cika randa.

Sai kilisa ta dawo yayi a garin. Da can kilisa motsa doki ce kawai, a fita da shi da yamma ya warware ƙafa a dawo. Ta samarin yanzu daban ce. Duk Asabar bayan La'asar sai su haɗu su goma sha wani abu, wasu da dokin gida wasu da na haya, su bi burtalin da ya zaga bayan gari ya gangara fadama. Burtalin nan hanyar kowa ce. Shanu na bi, masu kai abinci gona na bi, masunta na bi ƙafa ba takalmi. A gindin wata tsamiya daf da gonar Ari suke sauka, su ɗaure dawakin, su kunna kiɗa a waya, a fito da abin da aka zo dominsa. Wasu maganin tari suke juyewa a lemo, wasu giya ce tsagwaronta a koriyar kwalba, ba wani ɓoye-ɓoye. Idan an gama sai a hau, a yi gasar wanda zai jefi tsamiyar da kwalba daga kan sirdi ta tarwatse. Kuma ba baƙi ba ne, kowannensu da gidan ubansa da za a nuna maka a garin.

Safiyanu ya nemi aron akawal ta bakin mahaifiyarsa Hajo, Tukur ya bayar da murnarsa. Yana jin daɗi har cikin ransa idan ya hangi yaron zaune daram a kan sirdi.

Asabar ta huɗu dokin ya dawo jiƙe sharkaf da gumi, linzami ya yanka masa gefen baki. Safiyanu ya sauka yana layi, ya ce, "Sannu da gida, Baffa," maganar na fita a hankali kamar ta mai barci, ya shige ɗaki. Tukur na kwance sirdi sai ga kwalbar maganin tari ta faɗo, ba ko ɗigo a ciki. Ya tsaya riƙe da ita a gindin turke har aka kira Magariba.

Da wani uban ne, da ya bi yaron ɗaki da bulala. Tukur bai iya ba. Ɗan fari ne, a gidansu kuwa uba ba ya ko kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da shida "yaron nan" yake ce masa, duk maganar da ke tsakaninsu sai ta bi ta wurin Hajo. Bakin da bai taɓa iya cewa Safiyanu ba, ta ina zai fara cewa mashayi? Ga shi kuma an kai gaisuwa gidan Alhaji Sunusi ana nema wa yaron 'yarsa, an ce biki sai bayan kaka. Idan maganar nan ta fita, auren ya tafi, sunan gidan ya bi shi. Ya jefa kwalbar a aljihu, ko Hajo bai gaya wa ba.

Washegari daga masallacin Asuba ya ɗauki tsohon buhun dusa ya bi burtali. A gindin tsamiya ya tarar da abin da samarin suka bari. Kwalabe ne fasassu da waɗanda ba su fashe ba, gwangwanaye, ledoji sun maƙale a ƙaya, ga kuma hular zanna da Ari ya saya wa Safiyanu da Sallah, kofato ya take ta cikin laka. Ya tsince komai. Gaba kaɗan, ta saman gonar Ari, akwai wani rami da masu bulo suka haƙa suka bari. Nan ya juye buhun, ya daddaka kwalaben da dutse don su kwanta, ya tura ƙasa a kai. Daga ranar nan wannan ya zama aikinsa na kowace Lahadi.

A fadama ba a ɓuya. Mutane suka gan shi, suka fara yabo. Har liman ya ambace shi wata rana bayan sallah, ya ce ga dattijo yana kawar da cuta daga hanyar jama'a ba wanda ya sa shi, Allah ya yawaita irinsa. Tukur ya sunkuyar da kai, aka ce tawali'u ne. Kunya ce ke cinsa, da haushin kansa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yabon ma ya yi masa daɗi.

Ari ne kaɗai bai yaba ba. Wata Lahadi ya same shi tsugune a gindin tsamiya da buhu.

"Bafillace, shanun sun ƙare ne ka koma kiwon kwalba?"

"Hanya nake share wa bawana, kada ya faɗi in yi asara."

Ari bai yi dariya ba. Ya ajiye fartanyarsa ya ce, "Tukur, ba wasa nake ba yau. Yaronka yana ciki. Jiya da hannuna na ɗora shi a kan dokin, ya kasa samun likkafa. Ka karɓe dokin ka zaunar da shi. In kunya kake ji ka bar ni da shi, ni a wurina ba ɗan fari ba ne."

"Zan duba," in ji Tukur.

Bai duba ba. In ya karɓe dokin za a tambayi dalili, dalilin kuma ba zai kwana bai isa gidan Alhaji Sunusi ba. Ya ce wa kansa aure zai gyara yaron, wata huɗu ne kacal ya rage, buhu kuma bai yi masa nauyi ba.

Ana haka wata mai tallan nono ta taka fasasshiyar kwalbar da idon Tukur bai gani ba, aka ɗauke ta a amalanke. Ari ya ce ya isa haka. Ya kai ƙara wurin mai unguwa Badamasi, ya ce a hana 'yan kilisa bin burtalin, in ana shakka a zo ranar Lahadi da hantsi a gani da ido. Mai unguwa ya ce za a zo da dattawa, ya lissafa su, har da Alhaji Sunusi a ciki.

Ranar nan Tukur ya riga kowa. Bayan buhu har da tsintsiya ya tafi. Ya bi gindin tsamiya taku-taku, ya tone ƙananan gilasan da suka nutse a ƙasa da farcensa, ya share har bakin gonar Ari. Ko da dattawa suka iso, wurin tas yake, sai kashin doki.

Mai unguwa ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Malam Ari, ina abin?"

"Ranka ya daɗe, sharewa aka yi. Ga mai sharar nan tsaye. A tambaye shi abin da yake kwashewa duk Lahadi, a tambaye shi kuma 'ya'yan su wa ke zubarwa."

Ido ya dawo kan Tukur. Ya ga Alhaji Sunusi ya daina jan carbi yana jiran amsa. Nan take dabara ta zo masa, irin dabarar da mutum ke nadamar zuwanta har ya mutu.

"Ranka ya daɗe, ledar ruwa ce da ɓawon rake, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma a yi wa bawan nan nawa uzuri. Babarbare ne, in shayi ya hau masa kai, ko akuya ya gani tana tafe sai ya rantse ta sha giya."

Aka kwashe da dariya, har Alhaji Sunusi na share hawaye. Mai unguwa ya kaɗa kai ya ce, "Au, ashe wasanku ne kuka taso mu da hantsi. Ku je can ku ƙarata."

A wasan nan wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi, kuma duk abin da Ari ya ƙara faɗa yanzu dariya za a ƙara yi. Tukur ya san haka sarai, shi ya sa ya bi ta nan. Ari ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya saɓa fartanyarsa ya shiga gona.

A watan Agusta kogi ya kawo. Ba wata babbar ambaliya ba ce, irin cikar da fadama ta saba da ita ce duk shekara, amma ta isa ta cinye bakin ramin masu bulo, ta kwashe abin da ke ciki ta shimfiɗa a gonar da ke ƙasa. Ari ya shiga cirar ciyawa cikin ruwa iya gwiwa, ƙafa ba takalmi kamar yadda ya yi shekara hamsin yana yi, ya taka gindin koriyar kwalba. Ga mai lafiya ciwon mako biyu ne. Ga mai ciwon suga kuwa, ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Daga asibitin garin aka tura shi Kano, a can aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da ruwa ya janye Tukur ya je ya ga ramin da idonsa. Bakin ramin ya zaizaye ta ɓangaren gonar, ga gilasai nan suna ƙyalli a cikin laka har tsakiyar shinkafa, dakakku, dakan hannunsa. Bai je Kano ba. Da aka dawo da Ari gida ma Hajo ya tura da fura, ya ce yana fama da zazzaɓi. Sai da aka sa ranar bikin Safiyanu, mutane suka fara tambayarsa ya jikin abokin wasansa, sannan ya ga ba makawa. Ya tafi wata Asabar bayan La'asar.

Ari na zaune a kan tabarma a soro, ya rame, zanen fuskarsa ya ƙara zurfi, an lulluɓe masa cinya da mayafi. Tukur ya cire takalmi ya shiga. Tun daga gida yake shirya abin da zai faɗa, ya tattaro ƙarfin hali ya sake shi.

"Babarbare, bawana, duk don kada ka yi min noma bana ka ɓullo da wannan dabara?"

Ya jira. Shekara arba'in bai taɓa jefa wa Ari magana ta faɗi ƙasa ba.

"Sannu da zuwa, Malam Tukur," in ji Ari. "Ya iyali? Ya hidimar biki? Allah ya sa alheri." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya kira matarsa. "Yakaka, kawo wa baƙo ruwa."

Yakaka ta kawo a kofin tangaran, wanda ake fitowa da shi don manyan baƙi, ta durƙusa ta ajiye ta koma. Tukur ya riƙe kofin ya kasa sha. Da Ari zaginsa ya yi, ko ya jefe shi da sandar da ke gefensa, da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai yi maganar ramin, sai ƙarar kofato ta taso daga bakin layi, da kiɗan waya da shewar samari. Suka wuce ta bayan soron, ƙura na shigowa ta ƙofa. A cikin dawaki goma sha wani abu Tukur ya gane takun akawal, ya kuma san Ari ma ya gane. Ƙarar ta gangara fadama ta ɓace.

"Na gode da ziyara, Allah ya ba da lada," in ji Ari. "Kada in tsare ka, Malam Tukur. Gobe Lahadi, kana da sammako."

Tukur ya ajiye kofin cike yadda aka kawo shi, ya miƙe. A bakin ƙofa ya sunkuya zai sa takalminsa, sai ya ga na Ari a gefe, wanda suka saya tare a kasuwa bara, an goge shi an jingine da bango, ƙafa ɗaya.