Kwana Biyu a Yankin Nabiz

Malam Zainulabideen ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar da kamfanin tafiye-tafiye na unguwar Batha a Riyadh ya ba shi, ya ci gaba da karanta Larabcin yana fassarawa a natse, kamar yadda yake yi wa masu ɗaukar karatu a wurinsa ranar Juma'a.

"Farkon mako a birnin Tiflis, ƙasar Jojiya. Su yanzu Tbilisi suke cewa, amma Tiflis ne a littattafai. Ku sani Musulmi sun mulki garin nan kusan shekara ɗari huɗu, har zuwa 1122. Daga nan kwana biyu a yankin nabiz. Sauran kwanakin kuma a kan duwatsu, inda mota take tsayawa a ci gaba da ƙafa."

"Duwatsun da ruwan sama?" in ji matarsa Turai, tana zuba masa shayi.

"Da ruwan sama, da ciyawa, har da ƙanƙara a can ƙololuwa."

Turai ta yi murmushi. Tun da ya ɗauko ta daga Malumfashi a 1996, da alkawarin zai nuna mata duniya, abin da ta gani shi ne Makka, da Madina, da bangon gidan haya a unguwar Badi'a. Hutunsu na zuwa gida kuwa kullum da rani yake faɗowa, har ta manta ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. A watan Yuli na wannan shekara ta 2017 hukuma ta sa haraji a kan iyalan baƙi, wanda zai riƙa ƙaruwa duk shekara. Malam ya auna albashinsa, ya ga ba zai ɗauka ba. Aka tsayar da magana cewa da shigowar Muharram, Turai da 'yarsu Ikilima za su koma gida gaba ɗaya, shi ya zauna. Wannan mako guda shi ne abin da ya rage masa na cika tsohon alkawari, kuma Jojiya ya zaɓa domin a lokacin tana karɓar mai iƙama, wato izinin zama a Saudiyya, ba tare da biza ba.

Ikilima, wadda aka haifa a Riyadh, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, ta ajiye kofinta.

"Baba, bas... nabiz ɗin nan, ya'ni, a nan idan mutane suka ce nabiz..."

"Na san me ake nufi, tun kafin a haife ki na karanta babinsa. A jiƙa dabino ko busasshen inabi a ruwa da yamma, a sha da safe kafin ya yi tsami. Ba ya sa maye, malamai sun halatta shi. Dubi hoton nan." Ya juya mata takardar. "Kin ga randunan da suka binne a ƙasa? Haka kakarki take binne randa don ruwa ya yi sanyi. Abin mamaki ne a ce Nasara sun riƙe abin da mu muka bari."

"Amma Baba..."

"Larabcin talabijin daban, Larabci daban, Ikilima."

Yarinyar ta dubi uwarta. Uwar ta miƙa mata faranti ta ce ta kai kicin.

Ba a zargi Malam da yawa ba. Ya zo Riyadh ɗalibi a farkon shekarun 1990, ya koyi harshen daga littattafan da aka rubuta shekara dubu da suka wuce, ya kuma zauna a garin da ba a rubuta sunan giya a jikin kowane shago. Fim ba ya kallo. Idan jarida ta ba da labarin an kama wani da kwalba, kalmar khamru take amfani da ita, ita kuwa ya san ta sarai.

Abu ɗaya ya rage. Ma'aikaci baƙo ba ya barin ƙasar sai kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya ba shi izinin fita da dawowa. Don haka ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi unguwar Dira, wurin kafilinsa.

Shagon Abu Mishari yana wani lungu da ake hango ganuwar tsohuwar fadar Masmak daga ƙofarsa. Turaren wuta yake sayarwa, da alkyabba. Malam ne magatakardansa, shi ke rubuta wasiƙun shago da Larabcin da masu karɓa kan nemi ƙamus, shi ne kuma ya saukar wa 'ya'yan gidan Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya. Abu Mishari dattijo ne mai ƙiba da fara'a, mai son a ce da shi mai kyauta. Tun wata tafiya da ya yi zuwa Bahrain shekarun baya, wadda ba a maganarta, fasfonsa yake cikin akwatin matarsa Ummu Mishari.

"Jojiya?" in ji shi, bayan an gaisa an sha gahawa. "Ya Shaikh Zain, kowa Jojiya bana. Mu ga tsarin."

Ya karanta yana gyaɗa kai, har ya kai tsakiyar takardar. Nan ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Malam ta saman tabarau, ya sake komawa kan takardar.

"Kwana biyu a yankin nabiz. Da ɗanɗanawa a gidaje uku."

"Wannan ɓangaren ma na fi ɗoki," in ji Malam.

Abu Mishari ya aiki yaron shago sayen burodi, ya jawo kujerarsa kusa.

"Ka fi ɗoki."

"Ƙwarai. Shekara da shekaru ina karanta shi a takarda, ban taɓa samun waɗanda suka mayar da shi sana'a ba." Sai ya shiga bayani, da dabinon, da jiƙawar, da saɓanin malaman Kufa da na Madina a kan awa nawa zai yi kafin a zubar, yana kawo komai a muhallinsa.

Abu Mishari ya saurara baki buɗe. Da bayanin ya ƙare, dariya ta ƙwace masa har sai da ya cire rawaninsa ya share ido.

"Wallahi na yi zama da mutane iri-iri, ban taɓa ganin gwani kamarka ba. Mu muna ɓoyewa a bayan kujerar mota, kai ka ɓoye a cikin babin fiƙihu. Duk shekarun nan, ya Shaikh, ko alama."

"Ban gane ba."

"Khamru, ya Shaikh. Giyar inabi. Ja da fara. Sai ka sa na faɗa da bakina?"

Malam ya ji kamar an ɗaga kujerar da yake kai. Ya tuna fuskar Ikilima da safe. Ya tuna kuma ranar Juma'ar da ta wuce, da ya gaya wa masu ɗaukar karatu, mutum goma sha wani abu, cewa zai yo musu tsarabar nabiz, wani direba ɗan Maraɗi ya yi ta tari har ya fita waje.

"Abu Mishari, na rantse ban sani ba."

"Tayyib, tayyib. Ba ka sani ba." Ya kashe masa ido. "Kai da kake gyara wa limamin unguwa wasali."

A nan Malam ya ga inda ya tsaya. In yana so a yarda ba mashayi ba ne, sai ya tabbatar wa mai gidansa cewa akwai kalmar da kowane yaro a Riyadh ya sani, shi bai sani ba. Ya yi ƙoƙarin hakan har sau biyu, da dukkan gaskiyarsa, amma sunan da ya yi wajen sanin Larabci ya hana a gaskata shi.

"Bari wannan," in ji Abu Mishari, yana sassauta murya. "Izininka yau zai fita, kafin azahar. Har ma in ƙara muku kwana, in kama wa Ummu Ikilima ɗaki mai kallon dutse. Abu guda nake so. Ni ma zan bi ku. Kai da iyalinka ku yi ta kallon ciyawa, ni ba zan dame ku ba. Matsalar fasfo ce. Ummu Mishari ba ta yarda da ni, ba ta yarda da 'yan'uwana, amma in ka ce mata rana daga yamma take fitowa za ta juya shimfiɗar salla. Abin da ka gaya mini yanzu, shi za ka maimaita mata. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Kafin Malam ya buɗe baki, ya riga ya ɗauki hoton takardar ya aika, ya danna kira, ya ajiye wayar a kan tebur tsakanin kofunan gahawa.

Muryar Ummu Mishari ta fito, ta gaishe da Malam da girmamawa, ta tambayi Turai da Ikilima.

"Na ga takardar, ya Shaikh. Birni da duwatsu ba ni da magana. Amma na ga wata kalma a tsakiya da ba ta kwanta mini ba. Abu Mishari ya ce kai ka san fassararta. Wannan nabiz ɗin halal ne?"

Jimlolin suna nan a bakinsa, a jere, kamar yadda ya faɗe su sau biyu a wannan safiya. Babu harafi ɗaya na ƙarya a cikinsu. A ransa ya ga Turai tsaye a cikin ciyawa, ruwa yana sauka a kan mayafinta. Abu Mishari yana ta yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Wanda na karanta a littafi halal ne, ya Ummu Mishari," in ji shi. "Wanda ke cikin takardar nan kuwa giya ce. Ni ma yau na sani."



"Allah ya saka da alheri, ya Shaikh. Abu Mishari, sai ka dawo cin abincin rana."

Abu Mishari ya kashe wayar. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da rawaninsa, ya daidaita shi a madubin da masu sayen alkyabba suke dubawa, ya ƙara wa Malam gahawa da hannunsa.

"Ka san lokacin Hajji ya matso, kasuwa za ta cika. Ba zan iya rasa ka a shago yanzu ba. Bayan Hajji, in sha Allah, mu duba."

Bayan Hajji da 'yan kwanaki Muharram zai kama. Dukansu biyu sun san haka.

Da la'asar Malam ya koma Badi'a. Ya tarar da Turai ta baje rigunan sanyi da ta aro wurin maƙwabta, tana gwada wa Ikilima. Ya zauna bai cire takalmi ba, ya ba su labari tun daga farko, bai tsallake dariyar Abu Mishari ba.

"Ikilima ta gaya mini tun ranar da ka kawo takardar," in ji Turai.

"Kika yi shiru?"

"To me zan ce, Malam? Kai ba sha za ka yi ba, da ka ji warinsa za ka gane. Ni kuma ganye nake so in gani. Inabi ai yana da ganye."

Ikilima ta sunkuyar da kai tana danne dariya, sai kuma ta ga fuskar ubanta, ta daina.

Turai ta fara ninke rigunan. "Allah bai nufa ba. Gobe in mayar wa masu su."

"Dakata." Ya ciro wayarsa. "Ni ne ba ni da izini. Ku kuwa a doka ba Abu Mishari ne kafilinku ba, ni ne. Ikilima, zo ki buɗe mini shafin nan na hukuma."

"Mu kaɗai?" in ji Turai.

"Ayarin iyalai ne, da mata da yara. Game da tafiyar mace ba tare da muharrami ba kuwa, akwai ƙaulin da ya ce idan ayari amintacce ne, ko da yake asalin maganar a kan aikin Hajji aka yi ta, amma wasu daga cikin na baya sun..."

"Malam, yau kam ka bar littattafan su huta."

Ya mayar da ido kan wayar.

"Da kai aka yi alkawarin," in ji ta, a hankali.

"Alkawarin ki gani ne. Ban ce sai ina tsaye a gefe ina ba ki tarihin wurin ba. Wataƙila ma ki fi jin daɗinsa haka."

"Wa zai dafa maka abinci mako guda?"

"Daga Muharram wa zai dafa?"

Turai ta riƙe rigar sanyin a ƙirjinta tana kallon yatsansa a kan wayar. Ya zaɓi sunanta, ya zaɓi na Ikilima, ya danna. Ba a jima ba saƙo ya shigo cewa an ba da izinin fita da dawowa ga mutum biyu, bisa amincewar kafilinsu. Ya karanta shi kalma bayan kalma, sannan ya miƙa wa Ikilima ya ce ta duba masa.

Turai ta ajiye rigar a kan akwati, ta shiga kicin. Ya ji tana buɗe durowa tana rufewa, ta daɗe tana haka. Can ta leƙo.

"Cire takalmin ka taso, Malam. Mu fara da inda gishiri yake."