Kwalbar Ƙarshen Layi

Ta buɗe akwatin ɗumi, ta kawar da ido daga kwalbar da ke ƙarshen layi. Sati shida ke nan tana haka. Aikinta a ɗakin gwajin asibiti shi ne shuka kakin masu tari a kwalabe, ta jira ta ga ko ƙwayar tarin fuka za ta tsiro. Waccan kwalbar kuwa kakin mahaifinta ne a ciki, haɗe da magani. In abu ya tsiro duk da maganin, to irin tarin da ya kashe Mama ne, wanda ba ya jin magani.

Baba ma mai jiran tsiro ne. Shekara ashirin yana aiki a lambun renon itatuwa, yana fama da wata bishiya mai ganye kamar allura, wadda 'yan ƙalilan suka rage a duniya. Duk shekara ya shuka irinta, duk shekara ƙasa ta cinye.

"Ni da ke sana'armu ɗaya," yakan tsokane ta. "Taki ba ta sauri, tawa ba ta sauri. Sai dai taki ana korarta ta ƙi tafiya, tawa ina lallashinta ta ƙi zama."

Shi ya koya mata gaida shuka, wai iri yana jin murya. Har ta girma ba ta daina ba. Kowace safiya sai ta ce wa kwalabenta, "Kun tashi lafiya?" abokan aiki suna mata dariya. Tun da kwalbar Baba ta shigo ta kama bakinta. Sai makon jiya, tana sauri, gaisuwar ta kuɓuce mata. Tun ranar take jin tarin Mama a bayanta, in ta waiga ba kowa. Tsoro take ji, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Wayarta ta yi ƙara. Baba ne.

"Uwata! Ya fito! Ɗan kore, bai kai farce ba!" Tari ya sarƙe shi, ta jira har ya lafa. "Ban gaya miki ba? In dai kana gaishe su, komai daɗewa sai sun amsa."

Ta miƙa hannu ƙarshen layi, ta ɗaga kwalbar wajen hasken taga. Ga ƙwayoyin nan sun tsiro ɗigo-ɗigo, launin madara, kamar ɓurɓushin burodi.

"Kin yi shiru, Uwata."

"Gaskiyarka, Baba," ta ce. "Suna amsawa."